Ranar da Kyaftin Ɗina Ya Ji Sanyi a Tsakar Ranar Mayu

A shekarun da wannan abu ya faru ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar firamare a nan Maiduguri, da yamma kuma ina horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, Lamisula. 'Yan wasan nawa manya ne masu sana'a: direbobin keke napep, masu shaguna, ɗaliban jami'a biyu, da wani manomin shinkafa da yake shigowa daga Zabarmari sau uku a mako. Koci suke ce mini, ni kuwa sunan yana fasa mini kai fiye da kima. Na buga ƙwallo a ƙuruciyata kafin gwiwata ta lalace, kuma wanda ya horar da ni mutum ne da ya yi imani cewa ruwa yana sa ciki nauyi, duk wanda ya nemi sha a tsakiyar atisaye kuma rago ne. A haka na tashi, haka kuma na riƙa koyarwa. Ba zan ambaci sunan kowa a wannan wasiƙa ba, har da nawa, amma duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Mafarin abin tafiyar da muka yi Jos ce a watan Janairu, wasan sada zumunci da wata ƙungiya ta can. Mun isa da yamma a gajiye, washegari da sassafe aka saka wasan. Yawancin 'yan wasana ba su taɓa jin sanyi irin wannan ba. Yatsunsu suka ƙage, gola ya ce mini ba ya jin ƙwallon idan ta taɓa hannunsa, mutum biyu jijiyar cinyarsu ta riƙe tun kafin a je hutun rabin lokaci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne haki. Mutanen da a gida suke gudu minti casa'in ba su dafa gwiwa ba, sai ga su suna buɗe baki suna neman iska kamar an shaƙe su. Aka zura mana huɗu, ba mu rama ko ɗaya ba. Bayan an tashi wani dattijo daga cikin masu masaukinmu ya ja ni gefe ya ce kada in ga laifin yaran, garinsu a kan tudu yake, iskar can ba ta ƙosar da ƙirjin baƙo sai ya kwana biyu ya saba, ga shi kuma ba mu ɗumama jiki yadda ya kamata ba. Na yi masa godiya a baki. A raina kuwa cewa na yi lalaci ne kawai, kuma tun a mota na ƙudurta cewa idan suka zo ramuwa Maiduguri, ƙarfe biyu na rana zan sa a buga wasan, su ma su ɗanɗana abin da garinmu yake da shi.

Aka tsayar da ramuwar a ƙarshen Mayu. Azumi ya shigo muka dakatar da atisaye, bayan ƙaramar sallah muka dawo, saura mako uku. Duk wanda ya san Maiduguri ya san yadda take a wannan lokaci kafin ruwan farko ya sauka. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, tabarma da katifa duk zafi, ga shi a lokacin garin ya daɗe babu wutar lantarki, ƙanƙara sai wane da wane. Ni kuma na mayar da atisaye daga bayan la'asar zuwa bayan azahar, ba tare da na bari jikinsu ya dawo a hankali ba bayan wata guda suna zaune. Na kuma kafa doka: buhun ruwan leda zai zauna a ƙarƙashin kujerata, babu mai sha sai an gama zagaye ashirin da wasan gwaji.

Kyaftin ɗinmu ɗan tsakiya ne, shekarunsa ashirin da bakwai, mai gyaran waya a kasuwa. Yana da mata da 'ya ɗaya, mahaifiyarsa kuma a hannunsa take. Mutum ne mai sanyin hali wanda bai iya musu ba, kuma duk abin da na ce shi ne farkon yi. Ranar Asabar ta farko bayan dawowarmu, kafin a fara, ya same ni a gefe ya sassauta murya ya ce kwana biyu ke nan yana fama da gudawa, ga zafi ya hana shi barci, in yi masa afuwa yau ya tsaya a gefe. Na ce masa idan kyaftin ya zauna a inuwa, wa zai yi gudu a rana? Ya sunkuya ya ɗaure takalminsa. A zagaye na tara ya rage gudu a gabana ya roƙi leda ɗaya, na girgiza kai. A na sha biyar ya sake, wannan karon bai yi magana ba, hannu kawai ya kai bakinsa. Na nuna masa fili da usur ɗin da ke hannuna.

Filin da muke amfani da shi yana bayan wata tsohuwar makaranta, gefensa ɗaya katangar maƙabarta ce, sai bishiyoyin darbejiya guda uku a can kusurwa. Ranar babu ɗan kallo ko ɗaya. Babu iska, babu kukan tsuntsu, ko awakin da suka saba ratsa filin ba su fito ba. Inuwar kowa ta tattaru a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙasa kuma daga nesa tana rawa kamar ruwa ya kwanta. Ba ka jin komai sai takun takalma da numfashi. Muna cikin wasan gwaji na lura da wani abu: jesin kowa ya jiƙe ya manne a baya, na kyaftin kuwa ya bushe, sai farin gishiri da ya zana a kafaɗa. Na ce a raina, ka gani, jiki ya fara sabawa.

Can sai ya tsaya cak a da'irar tsakiya. Ƙwallo ta wuce ta gabansa bai kalle ta ba. Ya rungume kansa da hannu biyu, na taho ina masa tsawa, da na matso sai na ji haƙoransa suna haɗuwa. Tsikar jikinsa duk ta tashi, a cikin wannan rana. Ya dube ni da idanu jajaye, amma kamar wani yake gani a bayana, ya ce, "Koci, a miƙo mini rigar sanyina. Garin nan nasu ba ya yi da mu." Na ce wane gari, ai a gida muke. Sai ya juya yana kallon katangar maƙabarta, ya tambaye ni cikin natsuwa me ya sa 'yan kallon da suka jeru a kan katanga ba sa magana, tun ɗazu suna zaune sun zuba mana ido. Dukkanmu muka waiga. Babu kowa a kan katangar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya watsa mutane. Akwai wani ɗan wasan gabanmu, aminin kyaftin tun suna yara, da muka rasa a shekarun rikici, ya fita wata safiya bai dawo ba. Sai kyaftin ya ɗaga hannu ya ƙwala kiran sunansa, yana cewa ya ba shi fasin, ga shi babu kowa a kansa. Ya ruga gefen hagu, ya tare da ƙirji, ya sauke a ƙafa, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, alhali ƙwallon tana can kwance a bakin raga. Yana yi yana dariya, yana magana cikin harshen Kanuri da wanda ba ma gani, yana ce masa ina ya shiga haka aka daɗe ba a gan shi ba. Wasu daga cikin 'yan wasan suka bar takalmansu suka gudu suna salati. Mu biyar muka riƙe shi, mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ya watsar da mu, ya fasa wa gola leɓe. Daga nan ƙafafunsa suka harɗe ya faɗi.

A bakin titi akwai wani mai kemis, Inyamuri ne da ya shekara fiye da ashirin a garin nan. Ya taho da gudu da bokitin ruwa a hannu, yana cewa da Hausarsa rana ce ta buge shi, a cire masa riga, a kai shi inuwa a kwara masa ruwa, a nemi ƙanƙara, a tafi asibiti yanzu. Na tare shi da hannu. Na ce mutum yana rawar ɗari kana cewa a zuba masa ruwa, so kake ka kashe shi? Kowa a wurin ya riga ya yanke cewa iska ce ta taɓa shi, ga maƙabarta, ga tsakar rana, ga sunan mamaci a bakinsa. Ni ma na yarda, kuma yau idan na bincika zuciyata na san dalilin da ya sa na yi saurin yarda: idan aljani ne, babu hannuna a ciki. Na karɓi bargo a wurin maigadin makarantar na lulluɓe kyaftin tun daga wuya har ƙafa. Mai kemis ya tsaya da bokitinsa yana kallonmu har muka sa kyaftin a keke napep.

Ba zan manta da wannan tafiya ba. Kansa yana kan cinyata, zafin jikinsa yana ratso bargo da wandona kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Idanunsa a buɗe, ba sa ƙiftawa. Leɓɓansa suna motsi, da na kai kunne sai na ji zagaye yake ƙirgawa, sha bakwai, sha takwas, sha tara, idan ya kai sha tara sai ya koma sha bakwai, bai taɓa kaiwa ashirin ba. Muka nufi gidan wani dattijon malami a unguwarmu da yake yi wa mutane ruƙiyya. Muka tarar ya tafi ta'aziyya. Muka kwantar da kyaftin a zaure muka aika a kira malam, muka zauna jira. Da malam ya iso bai ko zauna ba, ya ɗora tafin hannunsa a goshin kyaftin, ya janye da sauri. Ya ce, "Ɗana, wa ya rufe shi da bargo? Jikin nan wuta yake ci. Addu'a zan yi muku daga nan, ku yi asibiti." Tsakanin faɗuwarsa da isarmu asibiti an fi awa ɗaya da rabi.

Likitar da ta karɓe mu ba ta tsaya dogon tambaya ba. Aka yanke jesin da almakashi, aka jiƙa zannuwa aka shimfiɗa masa, aka sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, aka ɗaura ƙarin ruwa, ma'aikata biyu suna yi masa fifita da kwali. Daga baya ta fito ta tambaye ni abin da ya faru. Na ce ƙwallo muke yi kawai sai ya faɗi. Ta tambaya ko ya sha ruwa, na ce ban lura ba. Ta daɗe tana kallon usur ɗin da ke rataye a wuyana. Sannan ta yi mini bayani cewa idan mutum yana gudu jikinsa da kansa yana haifar da zafi, gumi ne yake fitar da shi, idan ruwan jiki ya ƙare kuma iskar waje ta fi jiki zafi, to zafin ba shi da mafita, sai ya hau ƙwaƙwalwa. Jin sanyin, da ganin mutane, da faɗan, duk alamun ƙwaƙwalwa ce da take dahuwa. Ta ce minti talatin na farko su ne komai, da an sanyaya shi a filin da wataƙila da ƙafarsa zai koma gida.

A kwana na uku ya farfaɗo. Ƙodarsa ta taɓu, sai da aka yi masa wankin ƙoda na wasu makonni kafin ta dawo aiki. Amma akwai abin da bai dawo ba. Tafiyarsa ta zama ta tangaɗi, maganarsa a jaye, hannunsa kuma yana rawa. Mutumin da yake ɗaukar ƙaramin noti da tsinke ya ɗaura a cikin waya, yanzu kofin shayi sai da hannu biyu. Ya bar wa ƙanensa teburinsa na kasuwa. Ranar kuwa ta goge daga kansa gaba ɗaya. Idan aka tambaye shi, cewa yake yi abin da ya tuna shi ne yana cikin fili a Jos, ana sanyi, ya ga abokinsa.

Wasan ramuwa bai yiwu ba, ƙungiyar ma ta watse. Labari ya bazu cewa filin nan yana da masu shi. Mata suka hana 'ya'yansu ratsawa, ciyawa ta cinye shi da damina, aka riƙa ƙara wa labarin gishiri har na ji wani yana rantsuwa cewa shi ma ya ga mutanen kan katanga. Ban gyara wa kowa ba. 'Yan wasan da suka ga yana roƙona ruwa su ma ba su haɗa wannan da wancan ba, in ban da manomin Zabarmari. Shi kam ya same ni ya ce ko a fadama idan rana ta take suna ajiye lauje su nemi inuwa su sha ruwa, kuma su ba su yi boko ba. Daga ranar bai sake gaishe ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifiyar kyaftin. Ta ɗauka ni ne na ceci ɗanta, tunda ni na ɗauko shi a cinyata. Duk Juma'a sai ta aiko mini da burabusko, idan na je dubiya ta riƙa sa mini albarka tana ce mini ɗana. Ina karɓa, ina ci. Sau ɗaya na koma filin ni kaɗai a daidai wannan lokaci na rana. Na tsaya a inda ya tsaya, na kalli katangar. Babu kowa, amma na kasa juya mata baya, da baya da baya na fita har bakin titi.

Kusan shekara biyu ina ɗauke da wannan. Rannan a bazara ina dawowa daga makaranta wajen ƙarfe biyu, keken da na hau ya bi ta wani fili a wata unguwa, sai na hango mutane suna zagaye a rana. Na sauka. Mai horar da su ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasana ne, yana zaune a kujera, buhun ruwa a ƙarƙashinsa. Ya taso da murna yana gaishe ni, ya ce tsarina yake bi sak. Na tambaye shi ko ya manta abin da ya sami kyaftin. Ya yi murmushi ya ce ai wancan filin ne ba shi da kyau, wannan kuwa an yi masa addu'a kafin su fara. Na janyo buhun na farke shi na kira 'yan wasan su sha, na gaya masa komai a gabansu, tun daga gudawar har bargon.

Washegari da hantsi na tafi gidan kyaftin. Na same shi a ƙofar ɗaki a kan tabarma, mahaifiyarsa tana gefe tana tsintar wake. Na faɗi abin da na zo faɗa ban rage komai ba: ya ce mini ba shi da lafiya na tilasta shi, ya roƙi ruwa sau biyu na hana, mai kemis ya zo da bokiti na kore shi, na yi wa likita ƙarya. Tsohuwar ta ajiye faifan ta shige ɗaki, kuma tun daga ranar ba ta sake fitowa idan na zo ba. Shi kuwa ya daɗe yana kallon hannuwansa suna rawa a kan gwiwarsa. Sannan ya ce, a hankali yadda maganarsa ta koma, "Koci, ni ban tuna na roƙe ka ruwa ba. Na yafe. Amma ka ce ban ga abokina ba ke nan?" Na ce masa zafi ne. Ya gyaɗa kai, hawaye suka zubo masa, ya ce shi duk tsawon lokacin nan abin da yake rarrashin kansa da shi ke nan, cewa ko ba komai sun gaisa. Har yau ban sani ba ko na kyauta da na amsa wannan tambaya.

Abin da na koya shi ne jikin ɗan adam yana da iyaka, kuma taurin kai ba ya matsar da ita. Sanyi yana ɗaure tsoka, tudu yana rage numfashi, zafi kuwa kisa yake yi, duk ba su da alaƙa da ragwanta. An gaya mini wannan a Jos cikin mutunci na ƙi ji, domin an ci ni huɗu kuma ina neman wanda zan huce a kansa. Ban ce babu aljanu ba, ni musulmi ne. Amma na ga yadda na ɓuya a bayansu, mutum yana ƙonewa a hannuna.

Ina roƙon duk mai riƙe da ƙungiya, da iyaye, da su kansu 'yan wasa: a bazara ku yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Wanda ya dawo daga hutu ko azumi a bi shi a hankali. Mai gudawa ko zazzaɓi ya zauna. Kada a hana kowa ruwa da sunan horo. Idan kuka ga ɗan wasa a rana ya rikice, yana surutai ko faɗa ko tangaɗi, ko ya ce sanyi yake ji, kada ku tsaya duba ko gumi ya ɗauke, domin likitar ta ce wasu suna gumin ma abin yake kama su. Ku kai shi inuwa, ku cire masa kaya, ku kwara masa ruwa, ku yi ta yi har a isa asibiti, addu'a kuma a yi ta a hanya. Kyaftin ɗina bai cika shekara talatin ba, 'yarsa ce take ɗaura masa maɓallin riga. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.